Dinarin Kaisar a Tudun Wada

Karatu: Matiyu 22:15-22

Ranar Laraba, 27 ga Oktoba 1999, garin Gusau ya cika ya batse. Tun daren Talata motoci suke kwararowa, waɗansu ta hanyar Funtuwa da Tsafe, waɗansu ta hanyar Sakkwato da Bungudu, kowa yana neman wurin tsayawa a dandalin Ali Akilu, inda Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura zai ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Zamfara. Mu da muke zaune a Tudun Wada muna jin kabbara daga tsakar gidajenmu. Da yamma muka taru domin addu'ar tsakiyar mako, rabin bencina babu kowa. Dattijon da ya bi da sujada ya buɗe Bisharar Matiyu sura 22, ya karanta labarin da aka kawo wa Ubangiji Yesu dinari, ya rufe littafin, ya ce mu durƙusa. Bai yi wa'azi ba ko na minti ɗaya. Na daɗe ina ganin tsoro ne ya ɗaure masa baki. Yanzu da na kai shekarunsa, ina ganin ya san nauyin tambayar ne fiye da mu.

Tambayar kuwa tsohuwa ce: ina iyakar ikon sarki, ina kuma abin da yake na Allah kaɗai ya fara? Farisiyawa da mutanen Hirudus, waɗanda ba su ga maciji da juna, sun haɗa kai suka kawo ta don su kama Yesu da maganar bakinsa. In ya ce a biya haraji, ya ɓata da jama'a. In ya ce kada a biya, ya faɗa hannun gwamnan Roma. Sai ya nemi a nuna masa kuɗin, ya tambayi surar wa da sunan wa suke jikinsa, sa'an nan ya bar wa Kaisar hakkinsa, ya keɓe wa Allah nasa. Bai zana iyakar da alƙalami ba. Kowace tsara ta masu bi takan sake nemanta a ƙasarta, mu ma a nan Zamfara mun neme ta, kuma ba mu ne na fari ba.

Yawancin 'yan'uwa suna ɗaukar maganar raba addini da mulki a kan baƙuwa ce, Turawa suka zo da ita. Tarihin ƙasar nan bai goyi bayan haka ba. Wajen shekara ta 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a filin Idi a Magami, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda a shekarun nan yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, ya ƙi karɓa. A madadin dukiya ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar sarki, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda suke kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Bayan 'yan shekaru Sarki Nafata ya warware alkawarin. Ya sa aka yi shela cewa ban da Shehu ba wanda zai yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci daga ubansa ba ya koma addinin kakanninsa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Wannan shela tana cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a 1804.

Mai karatu ya sake duba jerin nan a hankali. 'Yancin yin wa'azi, 'yancin amsa kira ko da uban mutum bai amsa ba, 'yancin bayyana addini a jiki da a kasuwa: waɗannan ne abubuwan da jama'ar Shehu ta nema sa'ad da take ƙarama a ƙarƙashin sarkin da ba ya tare da ita. Su ne kuma abubuwan da ikilisiya take nema a Gusau yau, kusan kalma da kalma. Ban kawo wannan don gori ba. Na kawo shi ne domin maƙwabtanmu Musulmi suna da wannan labari a cikin gidansu, sun san ɗacin shelar Nafata, saboda haka in muka yi musu maganar 'yancin lamiri ba da baƙon harshe muke magana ba.

Sai dai wanda aka matsa wa jiya yakan riƙe sanda gobe. 'Yandoto, kusa da Tsafe, tsohon garin malamai ne da ɗalibai suke zuwa daga nesa. Da yawa cikin malamansa ba su yarda da jihadin ba, aka kai musu yaƙi a farkon shekarunsa, garin ya watse. Daga wannan yanki ne Malam Sambo Ɗan Ashafa ya fito ya kafa Gusau. Watau garin da muke zaune a ciki an haife shi ne daga gardama a kan wa yake da ikon tilasta wa wani a sha'anin addini.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris 1903. Bayan kwana shida Lugga ya tsaya a gaban manyan gari, ya yi alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu a addinin Musulunci ba. Alkawarin ya kwantar da hankali, amma yadda Razdanoni suka fassara shi ya shafe mu kai tsaye: an hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi sai da izini, izinin kuwa ba ya samuwa da sauƙi. Likita Mila na mishan ɗin CMS ya samu zama a birnin Zariya tun 1905, duk da haka a 1929 aka mayar da aikin Wusasa, bayan ganuwa. Mishan ɗin SIM bai sami ƙofa sosai ba sai a ƙarshen shekarun 1930, ta hanyar jinyar kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Abin mamaki ne a tuna cewa gwamnatin da sarkinta yake shugaban ikilisiyar Ingila ita ce ta tsare ƙofa ga bishara. Ba ƙiyayya ba ce ta sa. Lissafin mulki ne. Bature yana son haraji ya shigo lafiya, sarki shi ne mai tara masa, don haka duk abin da zai ɓata wa sarki rai an ɗauke shi a kan hasara.

A wannan zamani ne aka tsara unguwanni irin tamu. A manyan garuruwan Arewa an bar birni ga 'yan gari, aka yanka Sabon Gari domin mutanen Kudu, aka yi Tudun Wada domin 'yan Arewa da ba haifaffun wurin ba. Da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta ratsa Gusau har ta kai Kaura Namoda a 1929, sai ma'aikatan reluwe da akawuna da masu cinikin auduga da gyaɗa suka zo da iyalansu da littattafan waƙoƙinsu, suka kafa majami'u a inda aka ba su wuri. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fito a 1932. A shekarun 1950 limaman Katolika na ƙungiyar Dominikan daga Amurka suka zauna a Gusau, ƙarƙashin Edward Lawton, wanda ya zama bishop na farko na Sakkwato a 1964. Ikilisiya ta yi girma, amma tsarin unguwanni ya bar mana gado mai nauyi, domin ya koya wa kowa cewa Kirista baƙo ne, wurinsa bakin gari. Ɗan Bamaguje da ya ba da gaskiya, wanda kakanninsa suka riga ganuwar gari zama a ƙasar, shi ma sai aka lissafa shi cikin baƙi. Har yau muna biyan bashin wannan taswira.

Turawa sun hana yanke hannu da jifa, amma sun bar alƙalai suna yanke hukuncin laifuffuka bisa mazhabar Malikiyya, har da shari'ar kisan kai. Da 'yancin kai ya gabato, ƙananan ƙabilu suka bayyana tsoronsu a gaban kwamitin Willink a 1957 da 1958. Kwamitin bai ba su jihohin da suka nema ba, amma ya ba da shawara a rubuta hakkokin ɗan adam a cikin tsarin mulki, aka kuwa rubuta, har da 'yancin addini. Gwamnatin Sardauna kuma ta gayyato masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga aikinsu aka sami kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, doka ɗaya ta laifuffuka a kan Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya. Aka bar wa shari'ar Musulunci aure da saki da gado da makamantansu. Kowane ɓangare ya ba da wani abu a wannan sulhu, kuma ya kamata mu san cewa Musulmi da yawa ba su taɓa ɗaukarsa a kan sulhu ba. A wurinsu ƙwace ne da aka yi musu a daren da Bature zai tafi. Wanda bai gane wannan ba, ba zai gane hawayen murna da aka zubar a dandalin Ali Akilu ba.

Maganar ta sake tashi a majalisar tsara kundin tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978. Daftarin da kwamitin Rotimi Williams ya rubuta ya tanadi kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a matakin tarayya. Wakilai Kirista suka ƙi, musamman na tsakiyar ƙasa. A watan Afrilu 1978 wakilai Musulmi fiye da tamanin suka fice daga zauren, sai da shugaban mulkin soja, Janar Obasanjo, ya sa baki suka komo. Aka tsaya a kan cewa jihar da take so ta kafa tata kotun, a kuma sa masana shari'ar Musulunci cikin alƙalan kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya. A kundin 1979 ne aka sa sashe na 10, wanda ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. An maimaita shi a kundin 1999 ba tare da an canja komai ba. Tsakanin kundin biyu an yi rikicin shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986, an kuma sake gardamar shari'a a majalisar 1988 har gwamnatin Babangida ta janye batun daga hannun wakilai.

Sashe na 10 jimla ɗaya ne tak, kuma gajartarsa ita ce ta jawo dogon zance. Bai ce Najeriya ƙasa ce marar addini ba. Gabatarwar kundin ma ta ambaci Allah. Bai bayyana abin da zai sa a ce jiha ta ɗauki addini ba. Sashe na 38 ya fi shi buɗe baki. Ya ba kowa 'yancin tunani da lamiri da addini, har da 'yancin canja addini, da 'yancin bayyana shi shi kaɗai ko cikin taro, a ɓoye ko a fili, ta sujada da koyarwa da yaɗawa. Ya kuma ce ba za a tilasta wa ɗalibi karatun addinin da ba nasa ba. Ina roƙon kowane mai bi da ya iya karatu ya nemi waɗannan sassa biyu ya san su. Manzo Bulus ya san hakkinsa na ɗan ƙasar Roma, ya kuwa ambace shi a Filibi da Urushalima ba tare da jin kunya ba.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996. Ba ta cika shekara uku ba aka koma mulkin farar hula, Yarima ya hau kujera ranar 29 ga Mayu 1999. Lauyoyinsa sun bi ta ƙofar da kundin ya bari a buɗe. Majalisar jiha tana da ikon yin doka da kafa kotuna. Kundin kuma ya ce ba a hukunta mutum sai da rubutacciyar doka. Saboda haka suka rubuta hukunce-hukuncen shari'a a matsayin dokar jiha, majalisa ta zartar, ta fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000. Suka ce ba su ɗauki addinin gwamnati ba, doka suka yi wa Musulmi kaɗai, wanda ba Musulmi ba kuwa ba za a kai shi kotun shari'a ba sai ya yarda a rubuce. Ba a sa sashen hukuncin ridda a kundin ba. Masu suka suka amsa cewa jihar da ta kafa ma'aikatar harkokin addini, da majalisar malamai, da hukumar zakka, daga baya da hukumar Hisba, duka da kuɗin baitulmali, ta riga ta ɗauki addini ko ba ta furta ba. Ina ganin hujjar masu suka ta fi ƙarfi. Amma Kotun Ƙoli ba ta taɓa yanke hukunci a kan ainihin wannan tambaya ba, gwamnatin tarayya ma ba ta kai ƙara ba. Shugaba Obasanjo ya kira abin shari'ar siyasa, ya ce za ta lafa da kanta.

Kafin ta lafa jini ya zuba. Ranar 21 ga Fabrairu 2000 zanga-zangar ƙin shari'a a Kaduna ta rikiɗe ta zama kashe-kashe, ramuwar gayya ta biyo baya a Aba da waɗansu garuruwan Gabas, inda aka kashe Hausawa 'yan kasuwa da ba su san hawa ba su san sauka ba. A ƙarshen watan Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ta zauna, aka sanar cewa an dakatar da sababbin dokokin, amma waɗansu da suka halarci zaman suka musa, ba a kuwa dakatar da komai ba. A watan Maris aka yanke hannun wani mutumin Jangebe a Talatar Mafara saboda satar saniya. A Janairu 2001 aka yi wa wata yarinya bulala ɗari a Tsafe. Jihohi goma sha ɗaya suka bi sawun Zamfara.

A Gusau kanta ba a yi irin abin da aka yi a Kaduna ba, kuma wajibi ne a faɗi wannan domin gaskiya ce. Wani maƙwabcina tela, wanda ya kwana a dandalin, ya zo ƙofar gidana washegari ya ce, "Malam, ka kwantar da hankalin iyalinka. Ba don ku aka yi ba. Mun gaji ne da alƙalin da ake saye." Na gaskata shi, har yau ina gaskata shi. Talakan Zamfara ya sha wuyar shekarun soja, ya ga ƙara tana shekara biyar a kotu, ya ga mai kuɗi yana fita ta ƙofar baya. Ya sa rai cewa dokar Allah za ta daidaita sarki da talaka. Wannan bege ne mai daraja, mai karanta Amos da Mika bai kamata ya yi masa dariya ba.

Amma zancen cewa ba ta shafe mu ba bai tsaya da ƙafafunsa ba. Hana sayar da giya bai dame mu ba, da yawa cikinmu ma mun yi murna. Abin da ya taɓa mu ya zo ne ta ƙananan hanyoyi. Matanmu suka rasa abin hawa sa'ad da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata aka kuma raba motocin haya. Shugabannin ikilisiyoyi suka riƙa kai kuka a kan filin gina majami'a, da rashin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da samun fili a kafofin yaɗa labarai na jiha. Ni kaina na yi shekaru ina bin wata takardar fili daga ofis zuwa ofis. Ba wanda ya taɓa ce mini a'a. Kullum mai sa hannu ya yi tafiya. Wanda ya fi kowa shan wuya kuwa shi ne Bahaushe ɗan ƙasa da ya karɓi bishara, domin tsarin da ya raba mutane gida biyu bisa addinin haihuwa ba shi da shafin da zai rubuta shi. Kundin tsarin mulki ya ba shi 'yanci, dokar jiha ba ta ambaci hukuncinsa ba, amma gado da aure da riƙon 'ya'ya sukan faɗa masa a ka rana ɗaya.

A nan dole in juya alƙalamin kanmu, in ba haka ba wannan rubutu ya zama kukan zalunci kawai. Ikilisiya ba ta fito daga tarihi da hannu mai tsabta ba. Shekara kusan ɗari uku ta sha tsanani a daular Roma. A 313 Sarki Kustantin ya ba ta 'yanci, a 380 Tiyodosiyus ya mai da bangaskiyarta ta zama ta daula, ba a daɗe ba aka fara rufe haikalin waɗansu da ikon soja. A Arewacin Afirka, Agustin mai girma, wanda muke karanta littattafansa har yau, ya goyi bayan a tilasta wa 'yan ɗarikar Donatus su komo da ƙarfin hukuma. Turai ta yi ƙarnuka tana ƙona masu bi da sunan Almasihu. Waɗanda suka fara cewa sarki ba shi da iko a kan rai ba masu ƙin Allah ba ne, masu bi ne da aka tsananta wa. Thomas Helwys, ɗaya daga cikin Baptis na farko a Ingila, ya buga littafi a 1612 ya aika wa Sarki James da kofi, yana cewa sarki mutum ne mai mutuwa, addinin mutum tsakaninsa da Allah ne, ko Bayahude ne ko Musulmi ko wanda ake kira ɗan bidi'a, hukuma ba ta da hurumin hukunta shi a kan wannan. An jefa shi kurkuku, a can ya mutu. Abin da ya fi burge ni shi ne bai nemi 'yanci don ɗarikarsa kaɗai ba. Roger Williams ya bi wannan hanya ya kafa Providence a 1636, daga wannan jijiya kuma gyaran farko na tsarin mulkin Amurka ya tsiro a 1791, wanda ya hana kafa addinin gwamnati ya kuma hana tauye yin addini, duka a jimla ɗaya.

Mu fa? Ƙungiyar CAN, wadda aka kafa a 1976, ta daɗe tana kare sashe na 10. Amma da aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 2006, ba mu ce gwamnati ta fita daga harkar ziyarar ibada ba, muka ce a ba mu tamu, aka kuwa kafa hukumar masu ziyarar Urushalima a 2007. Mun karɓi kujeru, mun karɓi buhunan shinkafa na Kirsimeti, mun ba 'yan takara bagade su yi magana ana saura mako biyu zaɓe. A jihohin da Kirista suka fi yawa, akwai inda Musulmi suke kukan filin masallaci da hijabin 'ya'yansu da irin muryar da muke kukan namu a nan, ba kasafai kuwa na ji mun tsaya musu ba. Bakin da ya ci, shi yake jin kunya. Fasto da gwamna ya biya wa kuɗin jirgi zuwa Isra'ila zai yi wuyar zama Natan a gaban Dawuda. Shehu ya ƙi kyautar Bawa a Magami, shi ya sa ya iya roƙon abu biyar ɗin da kai a ɗage.

Kada kuma a ɗauka cewa raba addini da mulki yana nufin a kore addini daga kasuwa. Faransa ta raba ikilisiya da gwamnati a 1905, a 2004 kuma ta hana ɗalibai sa alamun addini masu bayyana a makarantun gwamnati. Wannan ya fi kama da shelar Nafata a kan rawani da lulluɓi, ba na kuwa fatan mu ga irinsa. Ina so maƙwabcina ya yi kiran salla, ya rufe shagonsa ranar Juma'a, 'yarsa ta sa hijabi; ina so mu ma mu zaga unguwa da ganyen dabino, mu yi wa'azi a fili, ƙungiyar mata zumunta ta fita da kayanta da gangunanta. Abin da ake nema a raba shi ne takobi da baitulmali daga hannun kowane addini. Rubutun doka kaɗai ma ba ya isa. Tsarin mulkin Nijar na 2010 ya rubuta rabuwar gwamnati da addini ɓaro-ɓaro, duk da haka a Janairu 2015 aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu.

Fiye da shekara ashirin sun wuce tun daga waccan Laraba. Yanke hannu ya tsaya tun da wuri, kotunan shari'a sun koma galibi ga aure da gado da bashi, hukumomin da aka kafa suna nan suna karɓar kasafi. Abin da ya cinye jihar ya fito ne daga daji. Ƙauyukan Tsafe da Bungudu da Maru sun san harajin da 'yan bindiga suke ɗora wa manomi kafin ya shiga gonarsa. A Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata kusan ɗari uku daga makarantar Jangebe, a Satumba na shekarar aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Ɗan bindiga ba ya tambayar sunan wanda ya tare a hanyar Funtuwa. Bulus ya rubuta wa Romawa cewa an ba mai mulki takobi ne domin ya tsoratar da mai mugunta ya kāre mai aikin kirki, saboda wannan hidima ce kuma ake biyansa haraji. Limami da fasto a Gusau yanzu suna tara kuɗin fansa ta hanya ɗaya, daga aljihun talakawa iri ɗaya, suna jiran Kaisar ya yi aikin da yake nasa tun asali.

Akwai wani ƙaramin abu da nake tunawa duk Lahadi sa'ad da muke ƙirga baiko. Takardun naira ɗari biyu da ɗari biyar da dubu suna ɗauke da rubutun ajami. A 2007 aka cire shi daga ƙananan takardu, a 2014 aka cire shi daga sabuwar naira ɗari, wani lauya a Legas ya kai ƙara yana cewa sauran ma sun saɓa wa sashe na 10, kotun tarayya ta yi watsi da ƙarar a 2024. 'Yan'uwa da yawa a Kudu sun ɗauka aya ce aka rubuta. Hausa ce, harshen da muke sujada da shi, da haruffan da 'yan mishan na farko ma suka buga waɗansu littattafan Bishara da su. Wani saurayi mai taya mu ƙirga ya taɓa ɗaga takardar dubu ya tambayi ma'ajinmu, tsoho wanda ya yi makarantar allo kafin ya ba da gaskiya, "Baba, me aka rubuta a nan?" Tsohon ya gyara tabarau, ya bi rubutun da yatsa daga dama zuwa hagu, ya ce, "Naira dubu, ɗana. Sa ta cikin na ginin majami'a."